Sammacin Mijin Ladi

Ladi mai kiɗan ƙwarya ce a Matameye, daga gidan suna sai gidan biki. A shekarar fari, zamanin soja, ta yi waƙa kan hatsin agaji da ke shiga gidajen manya ba ya fitowa. Wani jami'i ya ji, ya fusata. Amma a ganinsa ba a zaman magana da mace, mijinta ake kira ya ja mata kunne. Sai ya aika wa mijinta Bawa sammaci, Bawa kuwa yana Kano cin rani. Wata biyar takardar na soke a jikin zana, Ladi na ta kiɗanta har Kurni da Dungu. Ran da Bawa ya dawo, jandarman da ya zo tafiya da shi waƙar yake rerawa ƙasa-ƙasa.