Jairo da makullin da ya tafi Mina

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Jairo, kuma na san cikin masu karanta wannan shafi babu wanda ya taɓa jin sunansa. Ko a ƙasarsu, Kolombiya, ban jin da sauran mai tuna shi in ban da danginsa. Ni ma na tsufa, gwiwoyi sun ƙi, jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke ba ni amsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarinsa da harshen da mahaifiyata ta yi ta yi masa faɗa da shi, tun ina iya riƙe alƙalami.

A Madina aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya sauke farali, ya ga wurin zama. Gidanmu yana gindin dutsen Uhudu. A ƙarshen shekarun saba'in na miladiyya ina buga baya a wani kulob na ƙwallon ƙafa na garin, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Lokacin an buɗe wa 'yan wasan waje ƙofa, sai kocinmu, wani ɗan Ajantina mai yawan ihu, ya je ya ɗauko mana yaro siriri ɗan shekara ashirin da 'yan kai, baƙi wuluk kamar ni. Ranar da ya sauka, direban tasin da ya ɗauko shi Bahaushe ne, ya yi ta yi masa ina gajiya, ya mutanen gida, yaro ya yi shiru. Direba ya iso yana huci, wai 'ya'yan yanzu ba su da tarbiyya.

A atisayen farko ya zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya zagayo ya ɗauke ta, ya tsaya yana jirana, ya sake. Na uku ban nemi ƙwallon ba, shi na nema, na kwashe shi ya sha ƙasa. Ya tashi yana dariya yana karkaɗe wando. Daga ranar muka ƙulla abota. Ban taɓa ganin ƙafar hagu irin tasa ba, kuma na ga manya tun daga lokacin.

Kirista ne, don haka ba ya shiga haramin Madina. Kulob ya kama masa ɗaki a hanyar filin jirgi, can bayan allon da ke nuna iyaka. Har ya bar ƙasar bai taɓa ganin ƙofar gidanmu ba. Da Inna, mahaifiyata, ta ji cewa akwai yaro mai kama da 'ya'yanta da ke zaune shi kaɗai yana cin burodi da kifin gwangwani, sai ta ɗaure kwanon tuwo da miyar kuka a tsumma, ta ce in nemo mota. Da muka isa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ya waladi, ɗana, haka uwarka ta sallamo ka? Wannan sunan naka ba ya zama a bakina. Jabiru zan ce." Ya zama Jabiru. Ya koyi Larabcin kasuwa a wurinmu, Hausar faɗa kuwa a wurinta.

Abu ɗaya ke gaban yaron nan: ya buga wa babbar tawagar ƙasarsa. Ya taɓa buga wa ta matasa, aka yaba, sannan aka sayar da shi zuwa inda babu mai ganinsa. Yau in yaro ya ci ƙwallo a Madina, kafin ya gama murna kocin ƙasarsu ya gani a waya. A lokacinmu babu wannan. Jairo yakan ce ko me ya yi a nan, mu da duwatsu ne kaɗai shaida. Kowace Juma'a yana tafiya filin jirgi inda ake samun layin wayar ƙasashen waje, ya bi layi da tsabar kuɗi cike da aljihu, ya kira wansa ya tambaye shi abu ɗaya: an ambace ni?

Wata Juma'a a farkon watan Zulhajji aka ambace shi. Na je ɗakinsa, ya taro ni a guje, Larabcin ya gudu, sai hannu yake yarfewa. Mai buga hagu na tawagar ya karye, koci ya tuna da shi, an faɗi sunansa a rediyo. Sharaɗin kawai ya iso sansani kafin tawagar ta tashi zuwa gasar, in ba haka ba a ɗauki wani.

Wanda bai zauna a garuruwan nan biyu ba ba zai gane abin da ake nufi da mausim ba. Idan lokacin Hajji ya zo, kowa yana ajiye aikinsa ya koma hidimar alhazai. Malamin makaranta ya zama mai sayar da dabino, akawu ya zama ɗan rakiya, ni kaina nakan yi wa alhazan Najeriya tafinta. An dakatar da wasanni, koci ya tafi hutu ƙasarsu, ofishin kulob a rufe. Fasfon Jairo kuwa, kamar na kowane baƙo a zamanin, yana hannun kafil, wato wanda ya kawo shi aiki, a kulle cikin akwatin ƙarfe na ofis. Makullin yana wurin sakataren kulob, Ustaz Hamza, shi kuma ya bi ayarin alhazai zuwa Makka, zai shirya musu tantuna a Mina.

Mun je ofishin fasfo. Yawancin tebura babu kowa, sai wani jami'i ɗaya mai kirki da aka bari. Ya ce mu kawo fasfo da sa hannun kafil kafin ranar Arfa, zai buga hatimin fita. Bayan nan shi ma zai rufe sai an gama hutun salla. Jairo ya so mu fasa akwatin da guduma. Na ce ko mun fasa, sa hannun fa? Sai mu ƙare a hannun 'yan sanda.

Na ce ni zan je in nemo mutumin. Da yamma na raka Inna ɗakinsa, muka tarar ya ciro tawul biyu farare da zai ɗaura a matsayin harami ya ajiye a kan gado. Ya ce da ni, "Haruna, mu tafi tare. Dubi fatata, dubi taka. Wa zai gane? Ido huɗu ya fi biyu." Wallahi na kusa yarda, don gaskiya ya faɗa, babu sojan da zai tsayar da shi a cikin motar Hausawa. Inna ce ta ɗauke tawul ɗin ta naɗe.

"Jabiru, in zuciyarka ce ta so, gobe ni zan yi maka guɗa a bakin masallaci. Amma a yi wa Allah ƙarya a ɗakinSa saboda tamola? La wallahi. Ba a gabana ba."

Ya taɓa ɗan gicciyen da uwarsa ta rataya masa a wuya, ya zauna a ƙasa, ya kifa kai a gwiwa. Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin wannan ba. Inna ta dafa kansa tana ta ce masa haƙuri, ita ma tana share ido da gefen mayafi.

Na ɗaura harami a miƙati, na shiga motar alhazai, na yi umara a gaggauce na wuce Mina. Na ɗauka abin mai sauƙi ne, tunda shekara da shekaru ina ganin Ustaz Hamza kusan kullum. Ashe abin da na sani ba mutumin ba ne, kayansa ne: jan ƙyallen nan da yake yafawa a ka, da baƙar igiyar da ke danne shi, da baƙin tabarau, da farar riga mai guga. A Mina kowa tsumma biyu ne, kai a buɗe. Ban taɓa ganin kan Ustaz Hamza ba. Ban san ko yana da suma ko ba shi da ita ba.

Na bi tantunan mutanen Madina ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ya gan shi da safe wajen tankin ruwa, wancan ya ce ya koma Makka ɗauko shinkafa, wani ya ce wane Hamzan, don ya san guda uku. Ƙafafuna suka farfashe cikin silifa. Na yi ta kiran sunansa kamar mahaukaci har muryata ta dushe, cikin hayaniyar da ko kanka ba ka ji. Na wuce wani tanti sau da dama, a cikinsa wani gajeren mutum mai sanƙo tal yana tsugune yana ɗaure igiya, na leƙa na janye kai. Kowace faɗuwar rana sai in ji kamar an yanki wani abu a jikina, don na san yaron yana can bakin hanya yana leƙen kowace mota.

Ranar Arfa ta same ni a can. Na yi niyyar Hajji na bi jama'a, amma Allah Ya gafarta mini, mutane sun ɗaga hannu suna kuka suna roƙo, ni fuskoki nake bi da kallo. Addu'a ɗaya na iya yi, ita ma ta wani Kirista ce da ƙwallonsa.

Ranar salla, bayan an yi jifa an yi aski, mutane suka fara mayar da kayansu. Na zo wucewa ta wannan tanti, sai ga jan ƙyalle da baƙin tabarau. Shi ne mai sanƙon. Ya washe baki ya ce, "Hajji mabrur, ya Haruna! Ai tun shekaranjiya nake ganinka kana kai da kawowa. Na ce bawan Allah yana neman alhazansa, kada in ɗauke masa hankali."

Ban san abin da na ce masa ba. Mutumin ba mugu ba ne. Da ya ji labari ya dafe kai yana salati, ya kwance makullin daga ɗamararsa, ya sa hannu a takarda nan take. Sai dai ofis ya riga ya rufe, ni kuma da sauran jifa a kaina.

Da aka buɗe bayan hutu, jami'in nan ya buga hatimin kafin shayinsa ya huce. Muka ruga filin jirgi da jaka. Wurin cike da alhazai masu komawa, da jarkokin zamzam da buhunan dabino ko'ina. Jairo ya ce bari ya kira gida tukuna. Ina tsaye a bayansa, ina ganin ƙeyarsa. Ya yi magana kaɗan, sannan ya yi shiru yana saurare, kuɗin suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya har layin ya yanke, bai sauke wayar daga kunne ba. Tawagar ta tashi. Sun ɗauki wani yaro daga kulob na cikin gida. Ya juyo ya miƙa mini fasfon ya ce, "Mayar wa Ustaz Hamza. Halas, shi ke nan."

Ba a sake kiransa ba. A can an ce ya ji daɗin kuɗin Larabawa ya ƙi amsa kiran ƙasa, wannan ya fi komai ci masa rai. Wa zai tsaya ya fahimtar da ɗan jaridar Kolombiya abin da ake nufi da mausim? Ya ci gaba da buga mana, amma ya daina dariya in an kwashe shi, ya daina zuwa wurin waya ran Juma'a. Da aka sallami 'yan wasan waje, ya koma gida ya buga wa ƙananan kulob. Inna ta ƙulla masa kuka da daddawa a leda, ta ce ya kai wa uwarsa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Samarin nahiyarsu suna sauka nan a jirgin da aka yi musu shata, fasfo a aljihunsu, in ƙasa ta kira kulob ne ke rawar jiki ya kai su. Izinin fita ya zama abin da ake latsawa a waya. Jikana ya nuna mini yadda ake yi, bai gane dalilin da na tashi na bar masa ɗakin ba. Ina jin da Jairo zai yi musu murna, don ba shi da ƙyashi. Ni ne ban kai shi kyan zuciya ba. In na ga ɗayansu yana yauƙi wai tafiya ta gajiyar da shi ba zai je wa ƙasarsa ba, sai in kashe talabijin.

Me ya rage nasa? Babu hoto mai motsi, babu kofi. Abokan wasanmu sun ƙare, Ustaz Hamza ya rasu, Inna tana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Sai ni, da abin da tsohon kocinmu ya faɗa mini da gurgun Larabcinsa ranar da ya bugo waya daga Ajantina. Ya ce kwale-kwale ne ya kife da su Jairo a bakin kogi, suna hanyar zuwa wasa a wani ƙauye. Bai kai shekara talatin ba. Ya ce mutanen Jairo da tufafi suke binne mamaci, kuma uwarsa ta rantse ba za a rufe shi ba sai cikin rigar tawagar ƙasa. Wansa ya je hukumar ƙwallo ya roƙi guda ɗaya, aka ce ta waɗanda suka buga ce.

Sai ya shiga kasuwa ya sayo irin wadda ake rataye wa yara a bakin titi. Babu ma daidai jikin Jairo, sai da suka tsaga bayanta kafin ta shiga.