Kwanon Tuwo a Gefen Inji

Maigidana direban akori-kura ne, yana ɗauko masara da dawa daga Bakori da Tsiga zuwa Funtuwa. Bai iya cin abincin tasha ba, wai kowace miya ruwa ce in ba tawa ba. Kullum da safe nakan zuba masa tuwo a kwanon silba, shi kuma ya ɗaga murfin inji ya cusa kwanon a wani lungu, ya ɗaure tam, don ya tarar da shi da ɗumi da azahar.

A kakar wata shekara allurar da ke nuna zafin inji ta haukace. Ana cikin tafiya sai ta haye ja. Ya tsaya, ya ƙara ruwa, ya jira, alhali lagireto ko tururi ba ya yi. An wanke lagireto, an canja bel, duk a banza. Masu kaya suka gaji da kai amfaninsu kasuwa bayan ta watse, suka koma wa wasu direbobin. Rannan ya ce mini zai sayar da motar ya tafi Ikko tuƙin tirela. Na san matan da mazajensu suka tafi Ikko, sai salla-salla ake ganinsu. Tsoro ya kama ni, ban ɓoye masa ba.

Wata rana na bi shi zan je Tsiga gaida mahaifiyata. Ko fita gari ba mu yi ba, allura ta tashi. Ya juya a fusace, muka nufi rumfar wani mai gyaran wutar mota, Bayerabe haifaffen Funtuwa, wanda ya fi ni iya baƙar magana. Mai gyaran ya zare wata siririyar waya daga kan ɗan ƙarfen da ke auna zafin ruwa, ya ce a murɗa makulli. Allura ta sake hayewa ja.

"To ka gani, Malam? Na cire waya, kamata ya yi allura ta kwanta. Injinka lafiyarsa lau, waya ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri."

Ya bi ta da yatsa, taƙi-taƙi, har hannunsa ya ci karo da kwanona. Gindin kwanon ya goge robar wayar tas, da mota ta girgiza sai su haɗu. Ya buɗe murfin kwanon ya shinshina.

"Uwargida, ashe miyar kukarki ce ke neman kai mijinki Ikko!"

Kunya ta rufe ni. Ya naɗe wayar da baƙin tef, ya ce daga yau a nema wa kwano wani wuri. Maigidana ya girgiza kai.

"A'a. Wayar za ka canja wa hanya. Kwano yana nan inda yake."

Haka aka yi, maganar Ikko kuwa ba ta sake tashi ba.

Motar ta daɗe da zama kwangiri, shi ma Allah ya yi masa rasuwa. Ina kewarsa ƙwarai, musamman da hantsi, lokacin da nake jin ƙarar motarsa tana fita daga lungunmu. Kwanon yana nan da ɗan baƙin tabo a gindi. Jikokina sun sha ɗauko shi za su goge da toka, nakan karɓe in mayar da shi inda yake.