Bututun Bindigar Baba

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara zuwa Guangzhou sarin kaya ba, na ɗauki wani alkawari da ya kusa kai ni hannun hukuma a ƙasar mutane.

Mahaifina maharbi ne tun yana saurayi. Yana da wata tsohuwar bindigar farauta mai sakata, irin wadda ake ja a tura harsashi ɗaya bayan ɗaya, da lasisinta a naɗe cikin leda. Gadonta ya yi. Harsashinta wani tsohon yayi ne da an daina kawowa tun tuni, saura 'yan kaɗan yake lallaɓawa a gwangwanin madara. To, a shekarar sai ya fara kuskure. Mutumin da aka san ba ya harbi biyu a kan abu ɗaya, sai ga shi yana dawowa hannu rabbana. Ya ce cikin bututun ne ya cinye, sai an sa mata sabo.

Ana gobe zan tashi ya kira ni zaure, a gaban abokan farautarsa. Ya ce, "Ka ce a can babu abin da ba sa ƙerawa?" Ni kuwa da bakina na sha faɗin haka, don lokacin ji nake kamar ni na gina China. Na ce, "Baba, ai ko jirgin sama ka ba su samfur, sai sun yi maka." Sai ya miƙo min wani ɗan itace da ya sassaƙa daidai girman harsashin, da zare mai ƙulli biyu, tsawon bututun ke nan. Na karɓa da hannu biyu na ce an gama.

Haka muke aiki a can. Ka riƙo riga ko takalmi, ka shiga kasuwar Canaan ka nuna wa mai shago, ka ce irin wannan kake so, dozin kaza. Ba sai ka iya yare ba, samfur zai yi magana. Ni dai a kaina, bututun bindiga da maɓallin riga duk tafiyarsu ɗaya.

Akwai abokina ɗan Ghana, mutumin zango, shi ke loda mana kwantena, kuma yana jin yaren China sosai. Muna cin abinci a unguwar Dengfeng na ce ya raka ni wajen masu yankan ƙarfe da inji a bayan gari, inda ya taɓa kai ni aka yi min kayan injin markaɗe. Ya tambaye ni wane irin ƙarfe, na ce wani bututu ne kawai. Ban ɓoye don mugunta ba, ban dai ga abin da za a tsaya bayani ba.

Mai wurin, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida, ya tarbe mu da fara'a har da shayi a 'yan ƙananan kofuna. Na shimfiɗa zaren a tebur, na ajiye itacen. Ya auna, ya rubuta, ya yi tambaya. Abokina ya ce, "Wai me zai bi ta ciki, ruwa ko iska?" Maimakon in amsa da baki, sai na miƙe tsaye, na ɗaga hannu biyu, na kanne ido ɗaya, na ce, "Tau!"

Nan take fara'ar nan ta ɓace. Lawban ya sa bakin biro ya turo min itacen, ko taɓa shi bai yarda ya sake yi ba. "Mei yo, mei yo," yake ta faɗi, babu, babu, yana waiwayen ƙofa. Abokina ya yi wata dariyar dole, ya zuba masa yare, daga baya na ji wai ce masa ya yi ina da taɓin hankali kaɗan. Ya ja ni waje da ƙarfi, ko shayin ban ƙarasa ba.

Sai da muka shiga mota ya juyo, ya kira ni yadda 'yan Ghana ke kiran aboki. "Massa, kana so ka kashe ni? Nan ƙasar ko bindigar wasa mai kama da ta gaske, mutum yana shan ɗauri a kanta. Kai ka zo ka ce a yi maka ta gaske, kuma da bakina! In ya kira 'yan sanda fa? Ni da kai da kwantena, duka mun tafi." Na ce ai ta farauta ce, da lasisi. Ya ce, "Lasisin Kano? Je ka nuna musu."

Kwana uku ina jin tsoro, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka 'yan sanda ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne Baba. A gaban mutane na cika baki, yanzu da wane ido zan kalle shi? Na kasa kiransa, sai na kira mahaifiyata na zayyana mata komai, na roƙe ta ta tausasa masa zancen kafin in dawo.

Ta ce, "Kai ma dai da shirme. Lafiyar bindiga ƙalau." Na ce, "Umma, ai shi ya ce ta cinye." Ta ce, "Idonsa ne. Yanar ido ta rufe na daman, na hagun ma ya fara. Jiya butar alwala na gabansa yana lalube. Ya sani sarai, amma ka taɓa jin maharbi ya ce wa 'yan uwansa ba ya gani? Tunda ka tafi, duk wanda ya zo kiransa daji sai ya ce yana jiran saƙo daga China."

Ina tsaye a bakin titi, masu turin kaya na ta bangaza ta, na kasa motsi. Tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye. Ashe ba ƙarfe ya aike ni nema ba.

Da na dawo gida na same shi a zauren nan, da mutanen nan. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya saƙona?" Na durƙusa na ce, "Baba, harsashin naka tsohon yayi ne, sun ce aikin sai a hankali. Ana nan ana nema." Ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "Ai dama irin wannan bindiga ba kowa zai iya mata ba." Baba ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Ina kyautata zaton su ma duk sun sani.

Mun kai shi asibiti an yi aikin idon, ya samu sauƙin da zai gane fuska ya kai kansa masallaci, amma bai kai na harbi ba. Shekara shida muka yi a haka. Duk dawowata sai ya tambaya a gaban mutane, ni kuma in ba shi amsar nan. Bai taɓa tambayata muna mu biyu ba, ko sau ɗaya.

Bayan rasuwarsa muka miƙa bindigar ga hukuma yadda doka ta ce. Abin da na koya shi ne in daina cika baki, in kuma riƙa sauraron abin da babba bai faɗa ba. Itacen da zaren suna nan a aljihun jakar tafiyata. Kwanaki abokina ɗan Ghana ya gan su ina neman fasfo, ya ce, "Har yanzu kana yawo da abin nan?" Na ce masa ana nan ana nema.