Dutsen Kebbe a Kufan Mabiya Buda

Tun a Tambuwal muka fara sa-in-sa a kan dutsen nan. Ina shirya wa Baba jaka, za mu Indiya a yi masa aikin ido, sai na ci karo da shi naɗe cikin tsohon rawani, baƙi, sumul, ya cika tafin hannu biyu. Na fitar, ya mayar. Na ce masa a jirgi auna kaya ake yi, kuma babu ƙasar da ba ta da dutse. Ya ce wannan na gulbin Kebbe ne, da shi yake taimama in jiki ya ƙi ruwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na saba a bi maganata, amma da Baba sai haƙuri. Dutse ya hau jirgi.

Ashe ya fi ni gaskiya. Bayan aikin, likita ya rufe masa ido ɗaya, ya hana ruwa taɓa fuskarsa, masaukinmu kuwa ko'ina tayil ne da kafet. Kullum da dutsen yake taimama, ni kuma ina kawar da kai don kada ya ce ai ya faɗa.

Saura kwana biyu mu dawo, direban masaukin ya ba mu labarin wani kufai na mabiya addinin Buda, inda ake zuwa ziyara daga ƙasashe masu nisa. Na zaci Baba, da ya tsufa yana ba da karatu a zaure, zai ce Allah ya kiyaye. Sai ya ce mu je, ganin kufai wa'azi ne. Ya jefa dutsen cikin jakar hannuna saboda la'asar za ta same mu a can.

A tsakiyar wurin akwai wani gini na jan bulo kamar ƙaton rumbu, ba ƙofa ba taga. Masu ziyara, kai a aske, sanye da tufa ruwan goro, suna kewaya shi da carbi a hannu. Gefe kuma ramuka ne da aka tono, jerin ƙananan ɗakuna ba rufi, waɗanda direban ya ce a ciki masu ibada da ɗalibansu suka zauna. Ga gumaka nan, wasu ba kai, wasu ba hannu. Baba bai tsaya kansu ba. Ɗakunan ya daɗe yana kallo, ya ce su ma ashe sun yi makaranta, ga yadda ta ƙare.

A ƙofar fita aka buɗe jakata. Mai gadi ya warware rawanin, ya dubi dutsen, ya dube ni, ya hura usur. Sai a lokacin na lura da allon da ke cewa duk wanda ya ɗauki ko tsakuwa daga wurin hukuma za ta kama shi. Aka shigar da mu wani ofis, aka karɓe fasfo ɗinmu. Direban ya sulale waje. Na yi bayani da Turanci har bakina ya bushe, amma shugaban masu gadin sai juya dutsen yake yi, yana cewa irin wannan santsi hannun mutane ne ya yi shi, kuma a wurinsu ake samun irinsa. Ya sa hannu a kan waya.

Na hango mu a bayan kanta, jirgi ya tashi, tsoho da ɗanyen ɗinki a ido. Haushin Baba ya kama ni, na tuna sau nawa na fitar da abin nan daga jaka. Na tura dutsen gaban mutumin, na ce su riƙe, dutse ne kawai, su ba mu fasfo mu tafi.

"Mi suka cewa?" in ji Baba.

Na ce sun zaci na nan ne.

"Hwaɗa musu dutsina na. Innarki tat tsinto shi ga gulbi, shekarad da anka kawo ta gidana. Da shi tay yi sallatta ta ƙarshe."

Ban sani ba. Ina makarantar jinya Inna ta rasu, sai bayan an rufe ta na iso, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini. Na miƙa hannu na janyo dutsen. Wannan ya ƙara dagula lamarin, domin shugaban ya tambaye ni ta yaya wadda ta ce a riƙe yanzu ta ce ba ta yarda ba. Na riƙe dutsen gam.

Baba ya dubi inuwa ta taga, ya ce la'asar na wucewa. Bai nemi izinin kowa ba. Ya karɓi dutsen ya ajiye a ƙasa, ya buga tafukansa a kai, ya shafi fuska a hankali yana kauce wa bandejin, ya sake bugawa ya shafi hannuwa, ya tambaye ni alƙibla. Ya tayar da sallah, babu wanda ya hana shi har ya sallame. Shugaban ya tsuguna ya duba inda tafin Baba ya sauka, wurin da baƙin ya fi sheƙi. Ya aika aka kira wani dattijo cikin masu tonon kufan. Shi ko minti bai yi ba ya ce wannan dutsen ruwa ne, ba irin na ƙasarsu ba. Da hannu biyu shugaban ya miƙa wa Baba, ni kuma ya turo mini fasfo ba tare da ya dube ni ba.

A mota na miƙa jakata don a mayar da dutsen. Baba ya naɗe shi cikin rawanin, ya ɗora a cinyarsa.

"Ba ni jin Turanci, ɗiyata," ya ce, "amma idon da ar rage min ya ga sa'ad da kit tura musu shi."

Har muka iso Tambuwal bai sake ba ni riƙonsa ba.