Allurar da Ta Huda Mini Huhu

A wancan lokaci ni mace ce mai ƙarfi a Sassumbrum, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Matsar tunkuza shekara da shekaru ta bar mini ciwo tsakanin kafaɗu, ciwon da ba ya jin man zafi, ba ya jin ƙaho. Wata ranar kasuwar Magariya ƙawata ta kai ni wurin wani mutum a bayan rumfunan atamfa, ta ce ya koyo allurar Sin a ƙasar waje, allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki, babu magani a cikinsu, sokawa kawai ake yi ciwo ya tafi. Matarsa ta kwantar da ni a tabarma ta lulluɓe ni da zane, shi kuma ya jera alluran a bayana. Ɗaya ta shiga da nisa, na ji kamar an tsinka zare a ƙirjina. Na faɗa masa, ya ce alama ce aiki ya kama.

A kan kabu-kabu, hanyar gida, duniya ta fara laushi. Gonakin hatsi suna lilo kamar ruwan tabki, itatuwan gawo suna tafiya tare da mu, muryar mai babur tana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. In na ja numfashi sai ya tsaya a rabi. Har na ga marigayiya innata zaune gindin kuka tana ɓarar gyaɗa, ta ɗago ta dube ni. Ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji. Mai babur ne ya ji na saki jiki a bayansa, ya juya da ni asibitin Magariya.

Lokotoro ya duba hoton ƙirjina, ya ce allura ta huda huhuna na dama, iska ta fita ta danne shi. Suka sa mini tiyo ta haƙarƙari. Na yi kwanaki ina kallon kumfa tana tashi cikin kwalbar ruwa a gefen gado, maigidana na zaune yana jan carbi, shi ma kumfar yake kallo.

Allah ya tashi kafaɗuna. Abin da na koya, tsakanin fatar baya da huhu babu nisa ko kaɗan. 'Yan'uwa, kada ku miƙa bayanku ga wanda ba ku san inda ya yi karatu ba. In kuwa an soka muku allura numfashi ya fara gajarta, ku nufi asibiti, kada ku ce bari in kwanta ya wuce. Barcin da ke zuwa a lokacin yana da daɗi ƙwarai, ba kowa ke farkawa daga shi ba.