Gwaggo Hajo da Matan Kaba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni a ƙauyenmu kusa da Filinge. Ba ta taɓa mallakar gona ba. Daji ne gonarta: ta yanko kaba ta saƙa tabarma, ta tsinto goriba da aduwa ta kai kasuwa, lokacin ƙaro ta bi ƙaro. Da wannan ta ciyar da mu, da shi ta kai ni lakwal, wato makarantar boko.

A zamanin soja, shekarar da fari ya kashe hatsi har mutane suka koma cin anza, mijinta Baba Idi ya faɗo daga kan gawo yana sassabo wa awaki ganye. Bai sake takawa ba. Da hatsin taimako ya iso, manoma aka fara kira, sannan makiyaya. Masu ci daga daji kuwa ba a san sahun da za a sa su ba. Ga shi an tsananta tsaron itace, ko kaba sai an waiga ake yanka.

Ina tare da ita ranar da wani ma'aikacin daji ya tare ta da dami a ka. Ta sauke, ta gaishe shi, ta ce, "Ranka shi daɗe, tsaron icce ba laihi na ba, mu ma ba mu son shi ƙare. Amma mu da ka ci da iccen, wa ka tsaronmu?" Mutumin ya taya ta aza damin, ya bar ta ta wuce.

Ba ta jira amsar ba. Ta tara matan kaba, aka yi shawara: duk ranar kasuwa kowace mace ta ware tabarma guda, abin da aka samu a ajiye don wadda ciwo ko haihuwa ya hana ta fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su ne kuma suka hana junansu yanke kaba har gindi, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Yau ana maganar hukuma ta sa masu ci daga daji cikin waɗanda za a tallafa wa, da magani a gidan likita da ɗan abin riƙe gida lokacin bazara. Me Gwaggo za ta ce? Na san ba za ta yi guɗa da wuri ba. Za ta tambaya ko har da tsohuwar da hannunta ya daina saƙa, da matan wajen Sanam da Abala da rashin tsaro ya raba da daji. Amma za ta yarda abin mai yiwuwa ne, tunda ta ga mata marasa komai sun yi shi.

Ba ta bar gadon gida ko garke ba. Sai dai ran nan na je gaida wata ƙanwarmu da ta karye a hannu, na tarar da matan kaba sun riga ni, sun sauke hatsi, ɗaya na daka. Yawancinsu yara ne da ba su ma san Gwaggo ba. Allah Ya jiƙanta.