Katantanwar Iya Ronke

A kasuwar Iseyin, gaban rumfar mai abincin kaji, wata dattijuwa tana tsaye da budurwar kaza a hammata, zanenta duk ɗigon manja. Ƙwan da ke tafin hannunta yana lotsewa kamar nunannen tumatir.

"Baba Lasisi," ta ce da mai rumfar, "kullum sai na cika kajina da ɓawon rogo."

"Rogo ba ya sa ƙwai ƙwari, Iya Ronke. Daka musu katantanwa. Ke da kike soya dodon koɗi, ina kike kai katantanwarsa?"

"A bola nake zubarwa."

Ta shafa wuyan kazar. Kwandon da ke gabanta zai ci kaji shida, amma wayam yake.

"'Yan'uwanki biyar na yanka," ta ce da kazar. "Na ɗauka baki aka yi muku."